Rashin Lafiya da Sauyin Yanayi a Ƙauyukan Talakawa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk inda aka zauna maganar sauyin yanayi, ana fara ta da narkewar ƙanƙara da tashin teku. Mutumin ƙauye kuwa a jikin ɗansa yake fara ganin abin: zazzaɓin da ya zo ba a lokacinsa ba, gudawar da ta biyo bayan ambaliya, ramar da ta biyo bayan fari. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan yadda waɗannan mutane ke fama, da abin da ke taimakonsu da gaske.

Wai sauyin yanayi sabuwar cuta yake kawowa?

Galibi a'a. Tsofaffin cututtukan da aka sani ne yake ƙara wa ƙarfi, ya sauya musu lokaci, ya kai su inda ba su saba zuwa ba. Sauro yana son ɗumi da ruwan da ya kwanta. Ƙwayoyin da ke sa gudawa suna yaɗuwa idan ambaliya ta cakuɗa ruwan masai da na rijiya, haka kuma idan fari ya tilasta wa mutane da dabbobi shan tafki ɗaya. Yunwa kuma tana raunana jikin yaro har ciwon da da zai warke cikin kwana uku ya zama ajalinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa tsakanin 2030 da 2050 sauyin yanayi zai riƙa ƙara mace-mace kusan 250,000 a kowace shekara, ta hanyoyi huɗu kawai: tamowa, zazzaɓin cizon sauro, gudawa da tsananin zafi. Duka huɗun cututtukan talaka ne, kuma duka huɗun an san maganinsu.

Me ya sa talakan karkara ne ya fi shan wuya?

Saboda komai nasa a fili yake. Aikinsa a rana ne, abincinsa daga damina ɗaya yake fitowa, ruwan shansa ba ya bi ta wani wurin tacewa. Idan ruwan sama ya yi yawa hanya ta yanke, asibitin da ke tafiyar awa biyu ya koma tafiyar yini. Idan ruwan ya yi ƙaranci amfanin gona ya lalace, kuɗin maganin ma ya tafi tare da shi. Wato abin da ya jawo ciwon shi ne kuma ya ƙwace hanyar neman magani. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

To idan ciwo ya shigo gida, me suke yi a zahiri?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, don amsarta ba ta da daɗin ji.

Abu na farko jira ne. Uwa ta taɓa goshin yaro ta ji zafi, ta jiƙa tsumma ta ɗora masa, ta ce bari a ga wayewar gari. Ba sakaci ba ne, lissafi take yi: kuɗin mota, kuɗin kati, kuɗin magani, da yinin aikin gona da za a rasa a daidai lokacin da ciyawa ke cinye shuka. Washegari a sayi 'yan ƙwayoyi biyu ko uku a wurin mai shago, gwargwadon abin da ke hannu, ba cikakken adadin da zai kashe cutar ba. A haɗa da jiƙon da wata tsohuwa ta bayar. Sai jiki ya rikice sannan a nemi abin hawa.

Daga nan kuma sai a fara cin gobe. A sayar da kaji, sannan akuya, sannan irin shukar da aka ajiye. A ci bashi da alƙawarin biya idan an yi girbi, sau da yawa da riba mai nauyi. A rage girki daga sau uku zuwa sau biyu, kuma kusan ko'ina a duniya uwa ce ke fara haƙura da rabonta. A cire babbar yarinya daga makaranta ta zauna jinya. Magidanci ya tafi birni neman aikin ƙarfi.

Akwai kuma abin da ke riƙe su wanda baƙo ba ya saurin gani: maƙwabcin da zai nome gonar mara lafiya, ƙungiyar mata masu tara kuɗi da za su ba da rance ba tare da takarda ba, ɗan'uwan da ke nesa da zai turo wani abu ta waya. Wannan taimakon juna ya ceci rayukan da ba wanda ya ƙirga. Amma yana da iyaka. Yana aiki ne idan gida ɗaya ya shiga uku, sauran suna tsaye. Ambaliya ko fari kuwa gari guda suke bugewa a rana ɗaya, mai bayarwa da mai karɓa duk su koma hannu rabbana.

Shi ya sa nake jin ciwo idan masu rubuta rahoto suka yaba wa "juriyar" mutanen karkara suka tsaya a nan. Wanda ya sayar da saniyarsa ta ƙarshe don ya biya ƙarin ruwa ya jure bana, amma baɗi da me zai jure?

Bayan ambaliya, wace cuta ce ke fara zuwa?

Gudawa, cikin 'yan kwanaki. Inda ƙwayar kwalara take, sai ta ɓarke. Guguwar Idai ta afka wa birnin Beira na Mozambik da kewayensa a Maris 2019, kuma kafin wata ya ƙare kwalara ta bayyana, har sai da aka yi gangamin rigakafin dubban ɗaruruwan mutane. A Malawi, annobar da ta fara a Maris 2022 bayan guguwar Ana da ta Gombe ta zama mafi muni a tarihin ƙasar, ta kashe sama da mutum 1,700. Bayan makonni kaɗan kuma, idan ruwa ya ja ya bar kududdufai, sai sauro ya karɓi aiki.

Akwai wanda ake mantawa: maciji. Ruwa ya kore shi daga raminsa, ya nemi tudun da mutane ma suka gudu zuwa. Saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara a duniya, akasarinsu manoma da yaransu. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa inda ake da allurar dafi.

Wanda ba shi da itacen tafasa ruwa ko kuɗin sinadari fa, ya zai tsabtace ruwan sha?

Matan ƙauyukan Bangladesh sun ba duniya darasi a nan. Tsohon zanen auduga da ya sha wanki, a ninka shi sau huɗu ko fiye, a ɗaure a bakin tulu, a zuba ruwan kogi ta cikinsa. Ƙwayar kwalara tana maƙalewa a jikin wasu mitsi-mitsin halittun ruwa, zanen kuma yana tare su. Binciken da masaniyar nan Rita Colwell da abokan aikinta suka wallafa a 2003 ya nuna cewa wannan kaɗai ya rage kamuwa da kwalara da kusan rabi a ƙauyukan da suka riƙe shi. Tsohon zane ya fi sabo, don zarensa ya tattaru ƙofofin sun ƙara tsukewa. Bayan an gama a wanke shi, a shanya a rana.

Wata hanyar ita ce rana kanta. A zuba ruwan da ba shi da duhu a gorar roba mai garai-garai, wadda ba ta wuce lita biyu ba, a kwantar da ita a rana mai ƙarfi na awa shida, ko kwana biyu idan akwai hadari. Tacewa da zane ba ta kai tafasawa ko sa kulorin ba, kada wani ya ruɗu. Amma a ranar da babu waɗancan, da babu gara ba daɗi.

Ruwan gishiri da sukari da ake ta faɗa, da gaske yana ceton rai?

Ƙwarai kuwa. Mai gudawa ba ƙwayar cutar ce ke saurin kashe shi ba, ƙarewar ruwan jiki ce. Sukarin yana taimaka wa hanji ya janye gishiri da ruwa su koma jini, ko da gudawar ba ta tsaya ba. Idan akwai ƙullin da aka haɗa a kamfani, shi ya fi. Idan babu: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gishirin kada ya yi yawa, idan an ɗanɗana kada ya fi hawaye. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali. Ya yi amai, a jira minti goma a ci gaba. A ci gaba da ba shi nono da abinci, a haɗa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo.

A shekarun 1980 ƙungiyar agaji mai suna BRAC ta tura mata gida-gida a ƙauyukan Bangladesh, suka koya wa iyaye mata miliyoyi yadda ake wannan haɗi da yatsu uku na gishiri da damƙin hannu na sukarin gargajiya. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne, ana duba albashin mai koyarwa ne da yadda uwar ta iya haɗawa daidai bayan an dawo an gwada ta. Ilimin ya zauna a hannun wadda ke tare da yaron da tsakar dare, lokacin da babu likita babu mota.

Zazzaɓin cizon sauro yana ƙaruwa ne saboda yanayi?

A wasu wurare ƙarara. Ambaliyar Pakistan ta 2022 ta shafi mutum miliyan 33, kuma masu kamuwa da maleriya a ƙasar suka tashi daga kusan 500,000 a 2021 zuwa miliyan 2.6 a 2022. A tsaunukan Habasha da Kolombiya an ga cutar tana hawa sama a shekarun da suka fi ɗumi, tana isa ga mutanen da jikinsu bai saba da ita ba, don haka ta fi yi musu illa. A duniya baki ɗaya an samu kamuwa kusan miliyan 263 da mutuwa kusan 597,000 a 2023, mafi yawa a Afirka, mafi yawa yara ƙanana.

Ba komai ne za a ɗora wa yanayi ba. Sauro na bijire wa maganin feshi, kuɗin tallafi na raguwa, yaƙi na tarwatsa asibitoci. Amma abin da ke aiki an san shi: gidan sauro mai magani a kwana a ciki kowane dare, gwajin jini kafin shan magani, da shan maganin har ƙarshe. A yankin Sahel, inda cutar ke taruwa a 'yan watannin damina, tun 2012 Hukumar Lafiya ta amince a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya wata-wata a lokacin. Ma'aikatan sa-kai ne ke bi gida-gida da shi, kuma a 2023 ya kai ga yara sama da miliyan 50. Sai dai damina ta fara wasa da kalanda. Idan ruwa ya zarce lokacinsa, rabon maganin ma dole ya bi shi.

Zafi kawai yana iya kashe mutum? Ai manomi ya saba da rana.

Ya saba, amma sabo yana da ƙarshe. Jiki yana sanyaya kansa ne da gumi. Idan zafi ya haɗu da laima a iska, gumin ba ya bushewa, zafin ciki ya yi ta hawa. Da ya haura digiri 40 ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa: mutum ya riƙa surutai, ya yi tangaɗi, ya faɗi. A nan minti ma tsada gare shi. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a kwarara masa ruwa a jiki ana fifita, tun kafin a nemi abin hawa. Maganin zazzaɓi ba ya sauke irin wannan zafin. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kuma kada a ɗura masa ruwa a baki.

Akwai illar da ba ta nuna kanta da wuri. A gonakin rake na Nikaraguwa da El Salbado, dubban maza matasa, ba masu ciwon sukari ba kuma ba masu hawan jini ba, sun mutu da ciwon ƙoda. Masu bincike da yawa sun danganta shi da aikin ƙarfi a tsananin zafi kullum ba tare da isasshen ruwa ba. Abin da aka gwada ya taimaka ba wani abu mai tsada ba ne: ruwa a kusa, hutu a kan lokaci, da rumfa da ake ja tana bin ma'aikata. Matsalar ita ce wanda ake biya da yawan abin da ya yanka, hutu a wurinsa asara ne. Muddin ba a gyara yadda ake biyansa ba, faɗa masa ya huta kamar zuba ruwa ne a kwando.

Manoma masu aikin kansu sun daɗe da gano tasu dabarar: a fita da asuba, a dawo kafin rana ta take, a koma da la'asar. A Ahmedabad ta Indiya, bayan zafin 2010 ya kashe sama da mutum 1,300, an ƙirƙiro shirin gargaɗin zafi a 2013, kuma daga cikin abin da ya yaɗu har da shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti don ɗaki ya rage ɗaukar zafi.

Fari kuma fa? Ta yaya iyaye za su gane tamowa kafin ta yi nisa?

Da wani ɗan tsiri mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Na taɓa kallon wata uwa tana gwada ɗanta da shi. Ba ta iya karatu ba, kuma ba ta buƙata. Ta zura bakin tsirin ta ƴar ƙofar, ta ja a hankali har ya kwanta a fata, ta duba. Kore, lafiya. Rawaya, a kula. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a tafi yau. Nata ya faɗa a rawaya, ta yi shiru na ɗan lokaci, ta sake gwadawa, sannan ta goya shi ta miƙe. Wata alamar ita ce kumburin ƙafa biyu: a danna da yatsa na daƙiƙa uku, idan rami ya zauna, ba ƙiba ba ce.

Da can yaro mai tamowa sai an kwantar da shi a asibiti na makonni, uwa ta bar sauran yara da gona. Tun da likitan Faransa André Briend ya haɗa abincin magani na ƙulli a ƙarshen shekarun 1990, wanda ba ya buƙatar ruwa ko wuta, yawancin yaran a gida ake jinyarsu.

Fari yana da wata gubar ta ɓoye. Hatsin da ya sha wahalar ƙishi a gona, sannan aka adana shi da ɗanshi, yana yin fumfuna mai dafin da ke lalata hanta. A gabashin Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan cin irin wannan masara. Mai yunwa ba ya zubar da hatsi don ya canza launi, kuma a nan haɗarin yake.

Sanƙarau na da alaƙa da yanayi?

Yana da ita. Yana tashi ne a watannin rani masu ƙura da bushewar iska, a faɗin ƙasashen da suka miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 ya kusan shafe nau'in da ya fi yin annoba a da, amma akwai sauran nau'o'i. Zazzaɓi mai zafi da sandarewar wuya ba abin kwana da shi a gida ba ne.

Maganin gargajiya fa, a yi watsi da shi?

Ba za a yi ba ko an ce a yi, domin shi ne a kusa kuma mai shi yana karɓar bashi. Wasu magungunan asibiti ma daga tsiro suka fito: sinadarin da ke cikin maganin maleriya na yau daga wani ganye ne da Sinawa suka daɗe suna amfani da shi. Illar ita ce kwanakin da ake ɓatawa, da kuma jiƙon da ke ƙara sa mai gudawa zawo. Ni a ganina jawo masu maganin da ungozomomi a jiki ya fi yaƙarsu amfani: a koya musu alamun haɗari, su zama su ne ke cewa wannan ya fi ƙarfina, ku tafi yanzu. Maganarsu ta fi ta baƙo shiga kunne.

Mata da maza ɗaya suke shan wahalar?

A'a. Rijiya ta ƙafe, mace ce ke ƙara nisan tafiya da tulu a ka, ko da ciki. Tsananin zafi na ƙara haɗarin haihuwa kafin lokaci. A gaɓar tekun Bangladesh, inda ruwan gishiri ke kutsawa cikin ruwan sha, an ga hawan jini ya yawaita a tsakanin masu juna biyu, musamman a rani. Jinyar kowa kuma a kanta take, tata jinyar ita ce ta ƙarshe.

Gargaɗi kafin bala'i yana da amfani ga wanda ba shi da inda za shi?

Idan gargaɗin ya zo da abin hannu, yana da shi sosai. Guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000 a ƙasar da yanzu ake kira Bangladesh. Guguwar Sidr ta 2007, mai ƙarfi ita ma, ta kashe 'yan dubbai. Tsakanin biyun an gina matsugunan gudun guguwa, an kuma horar da dubban 'yan sa-kai daga cikin ƙauyukan, masu yawo da lasifika a kan keke. A Yuli 2020 kuma aka gwada tura wa iyalai kuɗi ta waya 'yan kwanaki kafin ambaliyar kogin Jamuna ta kai ƙololuwa, bisa hasashen masana. Mutane suka sayi abinci da magani, suka kwashe dabbobi zuwa tudu, maimakon su sayar da su a wulaƙance bayan ruwa ya ci gari.

Habasha ta ɗauki wata hanyar tun 2003: horar da mata daga cikin ƙauye su zama ma'aikatan lafiya, biyu a kowace ƙaramar cibiya, a biya su albashi. Ranar da gada ta karye, ma'aikaciyar lafiyar tana wannan ɓangaren kogin tare da jama'arta.

Su ƙasashen da suka gurɓata iskar, suna biyan wani abu?

Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. A taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Sharm el-Sheikh ta Masar a 2022 an amince a kafa asusun biyan asara da ɓarna, a Dubai a 2023 aka fara alƙawarin zuba kuɗi, aka kuma ware rana guda ta musamman don lafiya a karon farko. Alƙawuran farko ba su kai dala biliyan ɗaya ba, alhali ɓarnar ambaliyar Pakistan kaɗai an ƙiyasta ta kusan dala biliyan 30. Wannan rashin adalci ne, kuma ya kamata a riƙa kiransa da sunansa. Gwamnatocin ƙasashen talakawan ma ba su kuɓuta ba: rijiya mai murfi da ma'aikacin lafiya mai albashi ba sai an jira taron duniya ba.

Yaushe ne jinyar gida ta ƙare, dole a tafi asibiti ko da me za a sayar?

Idan yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi. Idan ya yi jijjiga, ko barci ya yi masa nauyi har ba a iya tashinsa sosai. Idan numfashinsa na sauri kuma ƙasan ƙirjinsa na lotsawa. Idan akwai jini a bayan gidansa, ko idanunsa sun faɗa, aka ja fatar cikinsa ta ƙi komawa da sauri. Jaririn da bai kai wata biyu ba, kowane zazzaɓi a jikinsa na gaggawa ne. Babba mai gudawa fara tsululu kamar ruwan wanke hatsi zai iya ƙarewa cikin awanni, don haka a tafi da shi ana ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya. Mai ciki da ke ciwon kai mai tsanani, ganinta na dishi-dishi, fuska da hannu sun kumbura, kada a jira safiya.

Ƙauyukan da suka shirya sukan tsayar tun kafin damina: wa ke da abin hawa, lambar wa za a kira da dare, wace hanya ce ba ta yankewa idan rafi ya cika, kuma a hannun wa kuɗin gaggawa yake.